Yadda Ake Saita Shokar Gaban Babur Ba Tare da Ɓarnar Kuɗi Ba

Duk wanda ya daɗe yana hawa babur ya san wannan ƙarar. An shiga rami, gaban babur ya nutse har ƙasa, sai a ji ƙarfe ya doki ƙarfe, kas, jijjigar ta bi hannu ta tsaya a kafaɗa. Washegari mai babur ya nufi gareji ya ce wa bakanike shoka ta mutu. Abin da aka fi yi a nan shi ne a kwance ƙafafun gaba biyu, a zubar da tsohon mai, a ɗura baƙin man inji mai kauri, a ce ai yanzu ta yi ƙarfi. Ƙarar takan ɗauke kuwa. Amma bayan kwana biyu sai a lura gaban ya zama kamar itace, kowace tsakuwa ana jin ta a tafin hannu, kuma a kan hanya mai gargada tayar gaba sai tsalle take yi maimakon ta riƙe ƙasa.

Tayar da ba ta taɓa ƙasa ba ta da birki, ba ta kuma juyawa inda aka nufa. Yawancin ƙarfin tsayawar babur daga tayar gaba yake fitowa, don da zarar an kama birki nauyi kan koma gaba. Saboda haka maganar shoka ta wuce ta jin daɗin zama, ta shafi ko babur zai tsaya kafin ya kai ga akuyar da ta tsallako titi.

Abin da ke cikin ƙafar gaba

Baburan da suka cika hanyoyinmu, irin su Bajaj Boxer, TVS HLX, Haojue, Jincheng da dangin Honda CG125, duk shoka iri ɗaya suke amfani da ita a gaba: bututu mai sheƙi da ke shiga cikin wani bututun yana fita. Tsohuwar fasaha ce. Kamfanin BMW na Jamus ya fito da ita da mai a ciki tun shekarar 1935 a kan baburansa R12 da R17, kuma har yau tsarin bai canja sosai ba a ƙananan babura.

A cikin kowace ƙafa abubuwa uku ne ke aiki, kowanne da nasa. Akwai sifirin, wanda shi ne ke ɗaukar nauyin babur da na mutum. Akwai mai, wanda ba ya ɗaukar nauyi ko kaɗan. Aikinsa shi ne rage saurin da sifirin ke shiga da dawowa, in ba haka ba babur zai yi ta lilo bayan kowane rami. Na ukun shi ne wanda ake mantawa da shi: iskar da ta rage a saman man. Yayin da shoka ke shiga, wannan iska tana matsuwa, sai ta zama tamkar sifirin na biyu da ke ƙara tauri a ƙarshen tafiya.

Rikicin gareji daga nan yake farawa. Idan gaban babur yana zama ƙasa da yawa saboda sifirin ya gaji ko nauyi ya fi ƙarfinsa, kaurin mai ba zai ɗaga shi ba. Zai jinkirta nutsewar ne kawai. An yi wa mai aikin sifirin ke nan, kuma ba zai iya ba.

Yadda man ke riƙe motsi ma yana da nasa labarin. A ƙasan ƙafar akwai wata sanda mai rami a ciki da 'yan huji a jikinta. Idan shoka ta motsa, dole mai ya bi ta waɗannan huji. Girman hujin ba ya canjawa, kuma turjiyar da ruwa ke yi wajen wucewa ta ƙaramin huji tana hawa ne da sauri fiye da saurin motsin: in saurin ya ninka biyu, turjiyar takan ninka kusan huɗu. Wannan ne ya sa irin wannan shoka ke da halaye biyu masu saɓa wa juna. Lokacin kama birki, inda motsin yake a hankali, kusan ba ta riƙe komai, sai gaba ya dulmiya. Lokacin da taya ta doki bakin rami, inda motsin yake kamar ƙiftawar ido, man ba ya samun hanyar wucewa, sai shoka ta ƙage ta miƙa wa hannu dukan gaba ɗaya. Mai kauri yana ɗan gyara na farko, yana kuma tsananta na biyu.

Kafin a zargi shoka

Da yawa daga cikin abin da ake ɗora wa shoka ba laifinta ba ne. Tayar da aka cika wa iska fiye da ƙima tana sa gaba ya yi tauri, kuma masu faci da yawa da babban yatsa suke auna iska. Ma'aunin iska na aljihu ba shi da tsada, kuma adadin da ya dace yana rubuce a littafin babur ko a jikin wata takarda da aka manna kusa da sarƙa.

Sai boris ɗin wuyan babur. A ɗaga tayar gaba daga ƙasa, a juya kan babur hagu da dama a hankali. In ya tsaya cak a tsakiya kamar ya faɗa wani gurbi, boris ya ci. In kuma an riƙe ƙafafun biyu an ja gaba da baya aka ji ƙwas-ƙwas, ya saki. Ko wanne daga ciki zai sa babur rawa a kan gudu, kuma babu man da zai magance shi.

Babur da ya taɓa faɗuwa ko ya yi karo, a duba ko bututun ya lanƙwashe. Hanya mai sauƙi ita ce a cire shi a mirgina shi a kan gilashi mai faɗi. In ya lanƙwashe za a ga haske yana shiga ta ƙarƙashi. Miƙe shi da guduma ko da jak abu ne da ake yi, amma ƙarfen da ya lanƙwashe aka dawo da shi ba ya komawa ƙarfinsa na da, kuma wannan bututun ne ke riƙe da tayar gaba.

Akwai kuma baya. Mai babur da ke ɗaukar mutum biyu ko buhun masara a kan kariya, bayan babur ɗinsa yana zama ƙasa, gaba ya yi sama ya rasa nauyi. Sai kan babur ya riƙa yawo a hannu, a ce shokar gaba ce. Yawancin shokokin baya na waɗannan babura suna da zobe mai matakai da ake murɗawa don ƙara matsin sifirin. Wannan zoben shi ne abin fara taɓawa.

Awon nutso

Saitin gaske da tef ɗin awo yake farawa. Abin da ake nema shi ne nawa shoka ke nutsewa idan mai babur ya zauna a kai ba tare da yana tafiya ba. Shoka tana bukatar sarari ta ɓangare biyu: ta shiga idan taya ta hau tudu, ta kuma miƙe idan taya ta faɗa rami. In ta riga ta nutse rabi tun a tsaye, ba ta da sauran wurin shiga. In ba ta nutse ko kaɗan ba, ba ta da abin da za ta miƙa wa rami, sai taya ta bi iska. Don hawan titi, abin da masu saiti suka saba nema shi ne tsakanin kashi ɗaya cikin huɗu zuwa kashi ɗaya cikin uku na dukan tafiyar shokar.

Ana bukatar mutum uku: mai zama, mai riƙe babur, mai awo. Idan akwai robar da ke rufe bututun, a sassauta ta a tura ta gefe. Da farko a ɗaga gaba har taya ta bar ƙasa, shoka ta miƙe iya miƙewarta, a auna tsawon bututu mai sheƙi daga bakin robar ƙura zuwa ƙarfen da ya kama shi daga sama. Sannan mai babur ya hau, ƙafafunsa a kan mataki, da irin kayan da ya saba ɗauka. A danna gaba ƙasa a sake shi ya taso a hankali, a auna. A ɗaga shi sama kaɗan a sake shi ya sauka a hankali, a sake aunawa.

Misali, a ce awon farko ya ba da milimita 150, na biyu 100, na uku 112. Tsakiyar na biyu da na uku 106 ce. A cire ta daga 150, nutso ya zama milimita 44. Idan dukan tafiyar shokar milimita 120 ce, abin da ake so yana tsakanin 30 da 40, ke nan wannan babur ya zauna ƙasa fiye da kima.

Bambancin awo na biyu da na uku ma yana da abin da yake faɗa. Shi ne yawan kamewar da bututun ke yi saboda gogayya. Milimita 12 na misalin nan ba abin damuwa ba ne. In ya kai 30 ko 40, wani abu na riƙe shokar: ko bututu ya lanƙwashe, ko bushin ya ci, ko kuma an ɗaure ƙafafun a karkace. Na ƙarshen nan yana faruwa sosai bayan an cire taya don faci. Maganinsa a sassauta notikan ƙasa, a danna gaba sau biyar ko shida don ƙafafun su daidaita kansu, sannan a ɗaure.

Sifirin da abin da ake ɗora masa

Manyan babura da yawa suna da noti a saman ƙafa da ake murɗawa don gyara nutso. Boxer da 'yan uwansa ba su da shi, amma ana samun sakamako iri ɗaya ta hanyar sa wani abu tsakanin sifirin da murfin sama: wosha, ko guntun bututun roba mai kauri irin na famfo da aka yanka daidai, da wosha a ƙarƙashinsa don kada sifirin ya cinye shi. Ƙarin milimita 8 yana rage nutso da kusan milimita 8, wanda zai mai da babur ɗin misalin nan zuwa 36. Dole tsawon ya zama ɗaya a ƙafafun biyu.

Wannan ƙarin ba ya sa sifirin ya yi ƙarfi. Ɗaga babur kawai yake yi. Ƙarfin sifirin yana cikin kaurin wayarsa da faɗinsa da yawan zagayensa, kuma babu woshar da za ta canja su. Akwai hanyar gane ko sifirin ɗin ne ya yi laushi da yawa: in sai an cusa masa dogon abu kafin nutso ya daidaita, sannan mutum ya sauka aka ga shokar ta miƙe gaba ɗaya, nauyin babur shi kaɗai bai sa ta nutse ko kaɗan ba, to sifirin ɗin bai dace da nauyin ba. Sabo ake bukata. Littafin gyara na kowane babur yana ba da mafi ƙarancin tsawon da sifirin zai kai kafin a jefar da shi, don yana gajarta da shekaru.

Wasu na yanke sifirin da tunanin zai yi laushi. Akasin haka yake faruwa: rage yawan zagaye ƙara masa tauri yake yi.

Gargaɗi ɗaya ga mai son buɗewa da kansa. Murfin sama yana ƙarƙashin matsin sifirin, kuma yana iya tashi ya doki fuska a zaren ƙarshe. A ɗaga gaban babur tukuna don nauyi ya sauka, a danne murfin da tafin hannu yayin kwancewa, fuska kuma a gefe.

Mai: kauri da tsayi

Gwangwanin man shoka yakan zo da lamba kamar 5W, 10W, 15W ko 20W. Matsalar ita ce waɗannan lambobi ba su da ma'auni ɗaya tsakanin kamfanoni. 10W na wani yana iya kusantar 15W na wani. Lambar da za a iya dogara da ita ita ce wadda ake rubutawa da cSt a zafin digiri 40, ana samunta a takardar bayanin man a shafin kamfanin. Man shoka mai lamba 10W yawanci yana tsakanin 30 zuwa 50 ne a wannan ma'auni. Baƙin man inji 20W-50 ko SAE 40 da ake sayarwa a bakin titi ya haura 130. Wato wanda aka ɗura wa shi ya ninka kaurin man shokarsa sau uku ko huɗu a tashi ɗaya.

Illar ta fi fitowa a dawowa. Hujin dawowa ya fi na shiga ƙanƙanta, don haka mai kauri yana hana shoka miƙewa da wuri. A kan burji mai gargada, kafin ta dawo daga tudun farko ta riga ta doki na biyu, ta ƙara shiga, ta doki na uku, har ta tattare a ƙasa inda babu sauran laushi. Da sanyin safiyar hunturu abin ya fi muni, don mai yana ƙara kauri. Da zafin Afrilu kuma ya tsinke, babur ɗin ya zama kamar wani daban. Man shoka na gaske an haɗa shi ne don kaurinsa kada ya yi ta hawa da sauka haka, kuma kada ya yi kumfa. Inda ba a same shi ba, man giyar mota mai canja giya da kanta, wanda ake kira ATF, ya fi baƙin mai kusa da daidai nesa ba kusa ba. Tsofaffin littattafan Honda ma shi suke cewa a zuba.

Tsayin man a cikin bututu shi ne saitin da ya fi kowanne arha, kuma shi ne ainihin maganin ƙarar nan ta ƙarfe da ƙarfe idan nutso ya riga ya daidaita. Ana auna shi ne sifirin a waje, ƙafar a tsaye, bututun an tura shi ƙasa gaba ɗaya, bayan an yi ta ja da turawa har iska ta fita daga cikin man. A auna daga bakin bututu zuwa saman mai. Sirinji da ɗan siririn tiyo da aka yanka daidai tsawon da ake so sun isa: a zuba mai ya ɗan wuce, a zuƙe rarar. Ƙara tsayin mai yana rage iskar da ke sama, sai ƙarshen tafiyar ya yi tauri, farkonta kuma ya zauna da laushinsa. A fara daga adadin da littafin babur ya bayar, a ƙara milimita 10 a gwada. Wuce gona da iri yana hana shoka kaiwa ƙarshenta, yana kuma tura mai ta bakin sil.

Sil ɗin nan ƙura ce babbar abokiyar gabarsa, kuma ƙura ba ta yankewa a arewa. Samari da yawa suna cire robar da ke rufe bututu don babur ya yi kyau, alhali ita ce ke hana yashi kankare ƙarfen. Man da ke tsiyaya daga shoka ba ƙazanta ba ce kawai. Yana gangarawa ne zuwa birki. Shi kansa man yana tsufa, ya yi baƙi ya yi wari. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce a canja shi duk shekara biyu ko wajen kilomita 20,000. Ɗan acaɓa da ke cin kilomita 100 a rana ya kai wannan cikin kwana 200.

Inda waya ke shigowa

Kunne da hannu suna yaudara, musamman bayan mutum ya kashe kuɗi yana son ya ji an samu canji. Wayar da ke aljihu tana iya zama shaida. A sa aboki ya tsaya a gefen wani tudun rage gudu ya ɗauki bidiyo mai tafiyar hawainiya, wanda wayoyi da yawa ke yi da hoto 120 ko 240 a daƙiƙa. Shoka mai kyau za ta shiga, ta dawo, ta zauna. In ta yi lilo sau biyu ko uku, man ya tsinke ko ya ragu. In ta dawo a kasalance, ya yi kauri.

Mai son lambobi zai iya sauke manhajar phyphox, wadda jami'ar RWTH Aachen ta Jamus ta yi kuma kyauta ce. Tana karanta na'urar auna girgiza da ke cikin waya ta zana ta a jadawali. A ɗaure waya gam a kan babur, a bi hanya ɗaya da gudu ɗaya kafin gyara da bayan gyara, a kwatanta tsayin tsinin jadawalin. Amma a yi da tsohuwar waya. A watan Satumba na 2021 kamfanin Apple ya yi gargaɗin cewa girgizar injin babur na iya lalata na'urar daidaita kyamarar iPhone, kuma wayoyin Android masu irin wannan kyamara ma tsarin cikinsu ɗaya ne.

Mafi sauƙi duka shi ne ɗaurin roba irin wanda ake tattare wayoyin lantarki da shi. A ɗaura shi a jikin bututu, a tura shi ƙasa ya taɓa robar ƙura, a yi hawan yini ɗaya. Inda ya tsaya shi ne iyakar shigar shoka. In kullum yana can ƙarshe, a ƙara tsayin mai ko a nemi sifirin mai ƙarfi. In bai wuce rabi ba, an yi tauri da yawa. Abu ɗaya ake canjawa a lokaci guda, a rubuta a waya, kamar yadda mai neman kuskure a manhaja ba ya gyara layi goma sannan ya tambayi wanne ne ya yi aiki.

Sayen sabon kaya

Manyan babura da yawa sun rabu da matsalar huji mai girma ɗaya ta hanyar amfani da katirij, inda mai ke bi ta ƙarƙashin wasu siraran fayafayan ƙarfe da ke lanƙwashewa su buɗe hanya idan dukan ya yi ƙarfi. Ana iya kawo wannan hali cikin tsohuwar shoka da wani ƙaramin bawul da ake ɗorawa a kan sandar mai huji, ƙarƙashin sifirin. Kamfanin Race Tech na Amurka shi ya yi suna da shi, YSS na Thailand ma yana yin nasa. Sai an faɗaɗa hujin sandar da injin huda don bawul ɗin ya karɓi aikin, wanda ke nufin babu komawa baya sai da sabuwar sanda, kuma dole faɗin bawul ya dace da cikin bututun. Ga mai babban babur da ke doguwar tafiya, wannan gyara ne mai ma'ana. Ga Boxer na neman abinci, kuɗin odarsa daga waje zai yi wuya ya biya kansa.

Sai shokar nan mai kifi da kai, mai kaurin sama da launin zinariya, wadda ake gani a bidiyon TikTok an ɗora wa ƙananan babura. Ta asali tana da amfani, don ba ta lanƙwasa a ƙarƙashin birki mai ƙarfi. Amma ɗora ta yana jawo canjin ƙarafan wuya, sandar taya, mariƙin birki, wani lokaci har tayar kanta. In ta fi ta asali tsawo, gaba ya ɗaga, babur ya yi nauyin juyawa. In ta fi gajarta, ya yi saurin juyawa har ya fara karkaɗa kai a kan gudu. Masu arha da yawa kuma launin ne kawai na zamani, cikinsu sandar nan ce mai huji.

A can ƙololuwa akwai shokar da kwamfuta ke saitawa yayin tafiya, tana karanta na'urorin auna motsi tana buɗe bawul tana rufewa. BMW HP4 ya zo da ita a 2012, Ducati Multistrada ta biyo da nata tsarin mai suna Skyhook a samfurin 2013. Ko waɗannan ma, kwamfutar riƙon mai take sarrafawa, nauyin kuwa sifirin ne ke ɗauka, kuma wanda ya saya yakan fara ne da tef ɗin awo da abokai biyu.